Filin Masu Karatu: Laifi, Horo, da Jin Ta Bakin Ɗalibi

Wasiƙun da suka taru a kan teburina wannan watan kusan duk hanya ɗaya suka bi: an yi laifi, ko an ce an yi, hukunci ya biyo baya, mai wasiƙa kuma ya rasa inda zai sa kansa. Na zaɓi biyar. Kamar kullum na cire sunayen mutane da na makarantu da wuraren aiki, na kuma taƙaita masu tsawo. Ga sababbin masu karatu, na yi shekara 27 ina koyarwa, tara daga ciki ina shugabantar kwamitin ladabtarwa, daga baya na koma zagayen duba ɗaliban da aka tura sanin makamar aiki. Daga can amsoshina suke fitowa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ɗana ɗan shekara 15 ne. Ranar Talata aka aiko shi gida da takarda cewa an dakatar da shi mako biyu saboda faɗa. Shi kuwa ya rantse mini rabiya ya shiga, har aka yage masa riga, malamin da ya iso ya tarar da shi riƙe da wuyan rigar wani yaro. Ba wanda ya tambaye shi komai. Da na je makarantar aka ce mini hukunci ya riga ya fita. Saura mako uku jarrabawa. Ina da ta cewa, ko in haƙura? — *Uwa mai damuwa*

Amsa: Hajiya, kina da ta cewa, kuma kada ki bari mako biyun su ƙare kafin ki faɗe ta. Amma bari mu fara gyara zama. Ba a gabana aka yi faɗan nan ba, ke ma ba a gabanki aka yi ba, kuma yaron da ya dawo gida da takarda a hannu yakan ba da labari ta inda zai fi masa sauƙi. Don haka kada ki shiga ofishin shugaban makaranta da maganar "ɗana ba ya faɗa". Ya ji wannan daga bakin iyaye har ya gaji. Ki shiga da abin da kika tabbatar, wato ba a saurari yaron ba. Wannan kaɗai ya isa a sake zama.

Ƙa'idar tsohuwa ce. Lokacin da Annabi (SAW) zai tura Sayyidina Ali Yaman ya yi alƙalanci, ya gargaɗe shi cewa idan mutum biyu suka zauna a gabansa, kada ya yanke hukunci sai ya ji na biyu kamar yadda ya ji na farko. A zamaninmu kuma, Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda kusan duk ƙasashen duniya suka amince da ita, ta ce a sashe na 12 a ba yaro dama a ji ta bakinsa a duk wani zaman shari'a ko na hukuma da ya shafe shi. Sashe na 28 ya ƙara da cewa horon makaranta ya kasance ta hanyar da ba za ta zubar da mutuncin yaro ba.

Akwai wata shari'a da nake yawan ba sababbin malamai labarinta, domin ta yi kama da ta ɗanki. A 1971 aka dakatar da ɗalibai da dama a makarantun birnin Columbus na jihar Ohio a Amurka, bayan wata hatsaniya. Ɗaya daga cikinsu, Dwight Lopez, ya ce shi ɗan kallo ne kawai, amma ba wanda ya tsaya ya ji. Magana ta kai har Kotun Ƙoli, kuma a Janairun 1975 alƙalai biyar cikin tara suka yanke cewa ko da dakatarwa ba ta wuce kwana goma ba, dole a gaya wa ɗalibi abin da ake tuhumarsa da shi, idan ya musa a bayyana masa hujjar da aka dogara da ita, sannan a bar shi ya faɗi nasa. Kotun ba ta ce a kawo lauya ko a kira shaidu a jere ba. 'Yan mintuna ne na sauraro kawai ta wajabta. Hukuncin kotun wata ƙasa ba ya hawa kan makarantar ɗanki, amma hankalin da ke cikinsa na kowa ne.

Abin da ya sa nake zafafawa a kan wannan, ni ma na taɓa yin wannan kuskure, kuma har yau yana nan a raina. A shekarata ta shida da fara koyarwa, agogon wani ɗalibi ya ɓata, aka caje jakunkuna, aka same shi a jakar wani yaro shiru-shiru da ke zama a layin baya. Cikin rabin sa'a muka gama, ni na rubuta takardar dakatarwa da hannuna. Sau uku yana cewa, "Malam, a bar ni in yi magana," ni kuma ina ce masa wace magana ta rage bayan an ga kaya a jakarka. Bayan kwana goma wanda ya ɗauki agogon ya amsa da bakinsa cewa da ya ga an fara caje, sai ya jefa shi a jakar da ta fi kusa da shi. Mun dawo da yaron, mun ba shi haƙuri a gaban taron ɗalibai. Amma bai ƙara ɗaga hannu a ajina ba, kuma da shekara ta ƙare iyayensa suka sauya masa makaranta. Da na ba shi minti biyar, da na ji cewa a lokacin da agogon ya ɓata shi yana ofishin malamai yana kai littattafai, kuma akwai wanda ya gan shi.

To ga abin da za ki yi. Ki rubuta takarda, gajeriya, cikin ladabi, ki riƙe kwafi. Ki nemi a nuna miki dokar da aka ce ya karya da hukuncin da littafin dokokin makarantar ya tanada mata, domin sau da yawa za ki tarar littafin ya ce kwana uku, fushi ne ya mai da shi mako biyu. Ki nemi a zauna da yaron a gabanki, a kuma tambayi ɗalibai biyu ko uku da suka ga farkon faɗan, kowanne shi kaɗai. Idan shugaban ya ƙi, kowace makaranta tana da na gaba da shi, ko hukumar gudanarwa ko ofishin ilimi, sai ki kai can da takardarki.

Maganar jarrabawa kuwa kada ki sassauta. Ko da laifin ya tabbata, dakatarwa raba yaro da aji ce na ɗan lokaci, bai kamata ta zama hanyar kayar da shi jarrabawa ba. A Ingila, alal misali, ƙa'ida ce makaranta ta riƙa ba ɗalibin da aka dakatar aikin da zai yi a gida a kwana biyar na farko, daga rana ta shida kuma a sama masa inda zai ci gaba da karatu. Ki nemi malamansa su aiko masa da darussan da ake yi. Kuma Hajiya, idan aka zauna aka gano ɗanki ya kai duka, ki karɓi hukuncin a gabansa ba tare da kin ɓata fuska ba. Yana kallonki.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a shekara ta uku. Makarantarmu ta tura ni wani ofishi sanin makamar aiki na wata uku. A mako na biyar aka sallame ni, aka rubuta wa makaranta. Laifina biyu: na makara sau huɗu, sannan na ɗauki hoton kaina a teburin aiki na sa a WhatsApp, ashe wata takarda mai ɗauke da suna da lambar wani abokin hulɗarsu ta fito a gefen hoton. Da aka gaya mini nan take na goge. Malam, ba biyana suke yi ba, koyo na je. Da a makaranta ne gargaɗi kawai za a yi mini. Wannan adalci ne? — *Ɗaliba mai neman mafita*

Amsa: 'Yata, na ji zafin da ke cikin wasiƙarki, amma zan gaya miki gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Jimlar nan taki, "da a makaranta ne gargaɗi kawai za a yi mini," ita ce tushen matsalar. Makaranta dominki aka gina ta. Ana biyan malami ne don ya jure kuskurenki ya gyara, shi ya sa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar ya zama karin maganar malamai. Ofishin da kika je kuwa domin wasu mutane aka buɗe shi, waɗanda suka kawo takardunsu da asirinsu suka damƙa. Ke baƙuwa ce da aka ba kujera a cikin amanar wasu.

Ɗauki makara. A aji idan kika makara, ke kika rasa rabin darasi. A wurin aiki idan kika makara, wani ne ya ɗauki naki ya ɗora a kan nasa, kuma ba zai gaya miki ba, sai dai ya gaya wa shugabansa. Rashin albashi bai sauya wannan ba, domin ranar da suka karɓe ki sun raba aiki har da ke a lissafi.

Amma ba makara ce ta kore ki ba, hoton ne. Kin goge, na yarda. Sai dai kafin ki goge mutum nawa suka gani, mutum nawa suka adana a wayoyinsu? Ke ba za ki iya ƙirgawa ba, su ma ba za su iya ba, kuma wannan shi ne abin da ya tayar musu da hankali. Ƙasashe da yawa yanzu suna da dokar kare bayanan mutane. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun Mayun 2018, idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da ka iya cutar da su, kamfani yana da sa'a 72 ya sanar da hukuma, tarar manyan laifuffuka kuma tana iya kaiwa kashi 4 cikin ɗari na cinikinsa na shekara. Wanda aka ga sunansa a hotonki ba ruwansa da ke, ofishin zai tuhuma.

Yanzu bari in juya ga nasu ɓangaren, domin laifi tudu ne. A wurin aiki mai tsari, ƙananan laifuffuka irin su makara suna da matakala: gargaɗin baki, sai rubutacce, sai na ƙarshe, sannan sallama. Manya ne ake tsallake matakalar a kansu, irin su sata, duka, ƙirƙirar sa hannun wani, da fitar da sirri. Shin a ranar farko an zaunar da ke an ce ba a ɗaukar hoto a nan? An ba ki wata takarda kin sa hannu? Da kika makara na biyu, wani ya kira ki gefe? A zagayen da na yi na ga wurare da dama da ke karɓar ɗalibi su nuna masa kujera kawai, ba su gaya masa komai ba sai ranar da ya yi kuskure. Wannan sakaci ne, kuma na sha faɗa musu a gabansu. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta mai lamba 158 ta 1982, ta ce kada a sallami ma'aikaci saboda halinsa ko aikinsa sai an ba shi damar kare kansa. Ba kowace ƙasa ce ta sa hannu a kanta ba, kuma ɗan koyo bai kai cikakken ma'aikaci ƙarfi a doka ba, amma idan ba a gaya miki dokar ba, ba a kuma ji ta bakinki ba, ki faɗi wannan a makaranta, domin zai iya rage nauyin abin da za a rubuta a fayil ɗinki.

Gobe da safe ki je wurin malamin da ke kula da ku, kada ki jira ya kira ki. Ki gaya masa komai yadda ya faru, har da makarar huɗun. Ki rubuta wa ofishin takardar ban haƙuri wadda babu kalmar "amma" a cikinta. Mai yiwuwa ba za su mai da ke ba, amma wanda zai rubuta rahotonki mutum ne, kuma takarda irin wannan takan sauya kalmomin da zai zaɓa. Sannan ki roƙi makaranta ta sama miki wani wuri ki cike makonnin da suka rage. Abu ɗaya nake roƙonki: kada wani ya ba ki shawarar ki cike littafin rahoton aiki da ranakun da ba ki je ba, a sama miki hatimi da sa hannu. Na ga ɗaliban da suka shigo gaban kwamiti da ƙaramin laifi suka fita da kora saboda wannan.

Tun da muna kan maganar, bari in faɗa wa sauran 'yan koyo masu karanta wannan fili cewa dokar ɗa'a ba a kanku kaɗai take ba. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 190 ta 2019 a kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki ta ambaci masu koyon aiki ƙarara cikin waɗanda take karewa, ta 138 ta 1973 kuma ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun yin aiki mai haɗari. Duk shugaban da ya riƙe sa hannunsa a kan littafinki don ya nemi wani abu a wurinki, ki kai maganar makaranta a ranar, kada ki bari ta kwana.

Tambaya: Malam, wani ya fasa gilashin taga a ajinmu. Ba wanda ya faɗi sunansa, sai aka hana duk ajin fita hutun tsakar rana har mako guda. Ni na san wanda ya yi. In faɗa? — *Ɗan aji uku*

Amsa: Ɗana, hukunta aji guda saboda mutum ɗaya ba daidai ba ne, kuma a shekarun da na yi a kwamiti ban taɓa ganin ya fito da mai laifi ba sai dai ya haifar da gaba tsakanin yara. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa babu rai da zai ɗauki nauyin laifin wani. Amma kai ma shirunka yana cikin abin da ya tsare abokanka a aji. Ka sami yaron shi kaɗai, ka ce masa ka sani, ka ba shi zuwa gobe ya kai kansa, ka ce za ka raka shi idan yana jin tsoro. Wanda ya kai kansa a kan gilashi, yawanci gyara kawai ake sa shi. Idan ya ƙi, ka gaya wa malamin ajinku a keɓe. Wannan na taga ne. Da wuƙa ka gani, ko ƙwaya, ko ana cin zalin wani ƙaramin yaro, babu jiran gobe.

Tambaya: Malam, ina jami'a. Na ba abokina aikin da na rubuta don ya ga yadda ake tsarawa, sai ya kwafe kaf ya sa sunansa. An ba mu sifiri mu biyu, an kuma ce mu bayyana gaban kwamiti mako mai zuwa. Yanzu yana roƙona in ce tare muka yi. Ni da na kwana uku ina rubutu, me ya sa za a haɗa ni da shi? — *Ɗalibi cikin ruɗani*

Amsa: Ɗana, an haɗa ku ne domin malamin da ya ga takardu biyu iri ɗaya ba shi da hanyar sanin wane ne ya kwana uku, wane ne ya kwafa. Kuma a dokokin jami'o'i da yawa, wanda ya miƙa aikinsa ga wani yana da nasa kason laifi, ko da niyyarsa taimako ce. Ka duba littafin dokokinku yau ka ga abin da ya ce a kan wannan, kada ka shiga zaman ba ka san sunan laifin da ake tuhumarka da shi ba.

Kada ka ce tare kuka yi. Idan aikin na mutum ɗaya ne, cewa tare kuka yi amsa laifi ne, ka ƙara da ƙarya a gaban kwamiti. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma irin waɗannan kwamitoci sun saba raba mutum biyu su yi wa kowanne tambaya ɗaya: me ya sa ka kawo wannan misali a shafi na uku? Wanda ya rubuta zai amsa, wanda ya kwafa zai yi shiru. Ka tattara hujjojinka: rubutun farko da ka yi da hannu, kwanakin da kwamfuta ta nuna ka buɗe fayil ɗin ka gyara, littattafan da ka aro, da saƙon da ya turo maka yana neman "ya gani kawai". Ka amsa cewa ka ba shi, ka yi kuskure a nan, ka tsaya. Kafin ranar ka gaya wa abokin naka abin da za ka faɗa, domin ya sami damar faɗin gaskiya da bakinsa. Wannan shi ne iyakar abin da abota take binka.

Kana iya ganin jami'a ta cika tsanani a kan aikin gida ɗaya. Takardar shaidar da za ta ba ka shaida ce gare ta cewa abin da ke kanka naka ne, kuma irin wannan laifi ba ya tsufa. A 2011 ministan tsaron Jamus, Karl-Theodor zu Guttenberg, ya ajiye muƙaminsa bayan Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirinsa na dakta saboda kwafe rubutun wasu. A 2013 ministar ilimin ƙasar, Annette Schavan, ita ma ta sauka bayan Jami'ar Düsseldorf ta soke nata, a kan kundin da ta rubuta tun 1980. Shekara 33 ke nan tsakani. Daga yau idan aboki ya ce yana son ganin tsari, ka zauna da shi ka nuna masa da baki, fayil ɗin ya tsaya a wurinka.

Tambaya: Malam, ni sabon malami ne, wata bakwai da fara aiki. Makarantarmu ta hana bulala. Ajina ya haura ɗalibai 60, kuma sun gane ba abin da zan iya yi musu. Surutu, makara, ƙin yin aikin gida. Mu da aka doke mu ai ga shi mun zama mutane. Ba a cuci malamai ba da wannan doka? — *Malami da ya gaji*

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Aji mai mutum 60 nauyi ne ko ga wanda ya shekara ashirin yana koyarwa, kuma duk makarantar da ta karɓe bulala daga hannun malami ba ta koya masa abin da zai maye gurbinta ba, ta bar shi a tsakiyar ruwa. A nan ina tare da kai. Amma a kan dawo da ita ba na tare da kai, kuma ina faɗin haka a matsayin wanda ya riƙe ta shekaru kafin ya ajiye.

Bulala tana kawo shiru, wannan gaskiya ne. Abin da na lura da shi a hankali shi ne yaran da nake duka a watan farko su ne dai nake duka a watan ƙarshe. Ba ta sauya kowa ba, ta dai koya musu su iya ɓoyewa. Ibn Khaldun ya rubuta wannan tun ƙarni na 14 a Muƙaddimarsa: tsanantawa ga mai koyo tana kashe masa kuzari, ta tura shi ga ƙarya da yaudara don tsoron hannun da ke kansa. Mu da muka "zama mutane" muna ƙirga kanmu ne kawai. Waɗanda suka gudu daga makaranta saboda duka ba sa rubuto wa mujalla wasiƙa.

Ba a dare ɗaya ƙasashe suka bar ta ba, kuma ba cikin sauƙi ba. Suwidin ta hana duka a makarantu a 1958, a 1979 ta zama ƙasa ta farko da ta hana shi har a gida. A Birtaniya sai da wasu iyaye mata biyu daga Scotland suka kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai suka yi nasara a 1982, sannan a 1986 majalisa ta hana duka a makarantun gwamnati da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak. Malamansu ma sun yi irin kukan da kake yi.

Abin da ya yi mini aiki bayan na ajiye ta, wani masanin shari'a ɗan Italiya, Cesare Beccaria, ya riga ya faɗe shi a 1764: tabbacin hukunci ya fi tsananinsa hana laifi. Ɗalibanka ba rashin bulala suka gano ba. Sun gano cewa yau kana hukunta surutu, gobe ka gaji ka ƙyale, jibi ka yi barazanar da ba za ka iya cikawa ba. Yaro yana karantar malami fiye da yadda yake karanta littafi.

Ka rage dokokinka su koma huɗu ko biyar, ka rubuta su a bango tare da abin da zai biyo bayan karya kowacce, ka karanta musu, ka bar su su yi tambaya. Hukuncin ya zama ɗan uwan laifin. Wanda ya ɓata bango ya wanke shi. Wanda bai yi aikin gida ba ya yi shi a gabanka lokacin da abokansa suka fita. Wanda ya ci mutuncin wani a gaban aji ya ba shi haƙuri a gaban aji. Kada ka taɓa rage wa yaro maki saboda surutu, domin maki ma'aunin abin da ya sani ne, idan ka cakuɗa su ka yi ƙarya a takardar sakamako. Kuma kada ka yi sa-in-sa da yaro a gaban mutum 59, zai gwammace a kore shi da ya sunkuyar da kai abokansa na kallo. Ka ce masa a hankali, "Ka same ni bayan darasi," ka ci gaba da koyarwa, sannan ka tabbata ka jira shi.

A aji mai mutum 60, masu tayar da ƙura ba sa wuce biyar ko shida. Ka san sunayensu, ka raba musu wurin zama, ka matso da su gaba. Ka bincika, za ka tarar aƙalla ɗaya daga cikinsu bai iya karatu sosai ba, surutun mayafi ne yake rufa da shi, wani kuma makararsa tana da dalili a gida da ba zai faɗa a gaban jama'a ba. Irin waɗannan horo ba ya taɓa su, sai an taɓa dalilin.

Ka fara da abu ɗaya ranar Litinin, makara kawai. Ka sayi ƙaramin littafi, duk wanda ya shigo bayan ka fara darasi ya rubuta sunansa da lokaci da hannunsa, ba faɗa, ba tsawa. Wanda ya makara sau uku a mako, sai ya zauna da kai minti goma sha biyar a lokacin hutu, na huɗu ka kira mahaifinsa. Mako biyu na farko za su gwada ka ƙwarai, littafin zai cika, kada ka tsallake ko rana ɗaya. Bayan mako shida ka rubuto mini adadin sunayen da ke shafin farko da na shafin ƙarshe, sai mu ɗauki maganar aikin gida.